Kujerun Aro

Litinin, bayan la'asar

Ni ne Babban Darakta na Cibiyar Binciken Jin Daɗin Jama'a, mai digiri uku da tumbi ɗaya. Na buɗe wannan littafi ne don 'yan baya su san irin wahalar da na sha a kan talakawa.

Yau na ƙaddamar da sabon shiri a filin makarantar wata unguwa da ban riƙe sunanta ba. Na iso a makare, kamar yadda ya dace da matsayina. Mu muna cikin rumfa, su suna cikin rana, don sun fi mu sabawa da ita. Na yi gyaran murya sau biyu, na ce musu gwamnati ta fito da katin magani. Duk mai riƙe da shi, babban asibiti zai karɓe shi, a duba shi, a kwantar da shi, a yi masa magani, ba ko sisi. Aka yi tafi. Sai na ce amma katunan ba su kai yawan jama'a ba, ka gane ko? Dole a yi bincike a tace talakan gaske. Tafin ya ragu.

Na bayyana musu dabarar da muka ƙirƙiro bayan taruka masu yawa a ƙasashen waje. Ba za mu tambayi mutum ko shi talaka ne ba, don kowa zai ce e. Baki yana ƙarya, ido ba ya yi. Ma'aikatanmu za su shiga ɗaki su duba: me ake zama a kai, me ake takawa, me ke jone da wuta. Kowane kaya da makinsa. Mai maki da yawa ya ji da kansa, mai maki kaɗan ya samu kati.

An raba wa manyan baƙi littattafan rubutu masu tambarin cibiya. Wani ɗan iskan saurayi mai facin taya, wanda 'yan unguwa ke kira Aku don ba muryar da ba ya kwaikwaya, ya laɓe bayan rumfa yana maimaita jawabina har da gyaran muryar, yara suna birgima don dariya. An ce min ya yi gaba da littafi ɗaya. Allo kaɗai ya yi, bokon ma a waya ya tsinto shi. Ban san uban me zai rubuta ba.

An kuma ce min ubansa yana kwance. Kafinta ne a da. Likita ya ce a fara masa magani tun abin bai yi nisa ba, ya faɗi abin da za a kashe, matar ta roƙe shi ya rage murya.

Wannan ba matsalata ba ce. Ni Darakta ne.

Laraba, da hantsi

Rahoto ya iso teburina cewa gobe ma'aikatanmu za su shiga layin su Aku. Kada a tambaye ni yadda nake sanin abin da ke faruwa a cikin gidan. Darakta ya san komai, shi ya sa ake biyan shi.

Tsohon, wanda suke kira Baba, yana jin labari ya tashi zaune, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Ya bi ɗakin da kallo. Tabarma, katifa da ta gaji da duniya, akwatin ƙarfe, ƙusa a bango da riga a rataye. Sauran kayan sun bi kayan aikinsa kasuwa tun kwanciyar farko.

"Je ka wurin Mai Shago," ya ce wa ɗan. "Ka ce ina gaishe shi. Ya ara mana kujerun falonsa da darduma da fanka."

"Baba, talauci fa suka zo gani."

"To su gan shi a zaune. Baƙi daga gwamnati su shigo gidana su tsuguna a ƙasa kamar kaji?"

"Ai Daraktan cewa ya yi duk abin da suka gani da ido..."

"Kai da Daraktan. Kujerun nan da hannuna na ƙera su kafin a haife ka. Mutum ba zai zauna a kan aikinsa ba?"

Matar, Inna suke ce mata, ba ta sa baki ba, don tuni ta durƙusa tana dirzar siminti. Sai da yaron ya kai ƙofa ta ce, "In za ka, ka haɗo da talabijin ɗin, a rufe tsagin nan na bango."

Mai Shago maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su. Bai yi musu ba. Ya ce har ƙaramin firijin ma a ɗauka, lemon baƙi ya yi sanyi. Aku ya yi ta jigila a ka, yana jiniya da baki, yana korar yara daga hanya da muryar ɗan sanda: a kauce, a kauce, mai girma firiji zai wuce. Inna ta yi dariya har ta zauna cikin ruwan sabulu. Tsohon ma ya murmusa.

Na rubuta wannan ne don an daɗe ba a gani ba.

Alhamis, bayan azahar

Ma'aikaciyarmu ta je. Yarinya ce siririya, ta ɗora rigar cibiya a kan kayanta, tana riƙe da allon nan na gilas da ake dangwalawa da yatsa. Aku ya raɗa mata Mai Allo, ya tambaye ta izu nawa ta sauke. Ba ta yi dariya ba. Tun safe take cikin rana, leɓɓanta sun bushe, kuma an yanka mata gidajen da za ta gama kafin mota ta dawo.

Baba ya karɓe ta a kan kujera, cikin babbar rigarsa guda ɗaya, ya ja ta har ƙasa ta rufe ƙafafun. Sa'a ko rashin sa'a, an kawo wuta, fanka tana juyawa. Ya yi mata sannu da zuwa, ya tambayi lafiyar iyayenta, ya sa aka buɗe mata lemo. Wanda bai san shi ba ba zai lura da irin riƙon da ya yi wa hannun kujerar ba.

Ta ɗaga kai, ta dangwala. Ta dubi ƙasa, ta dangwala. Talabijin, dangwal. Firiji, dangwal.

Inna ta kasa haƙuri. "'Yata, ba ki tambayi jikin nasa ba."

"Mama, babu wannan a ciki. Namu binciken talauci ne. Na ciwo wani ofis ne daban."

Katin magani, ba tambayar ciwo. Ni na tsara haka, kuma har lambar yabo aka ba ni.

Ta nemi izinin ɗaukar hoto. Tsohon ya gyara hula, ya ɗaga haɓa. Da ta fito Aku ya bi ta soro.

"Malama, kayan nan fa duk na aro ne. Ni kaina ma ana shakka."

"Kowane gida na shiga haka ake ce min," ta ce, ba da faɗa ba. "An ce mu sa abin da muka gani."

Daga nan ta shiga gidan Mai Shago. Ta tarar da shi zaune kan buhu a falo wayam, yana fifita da kwali, yana jiran a dawo masa da kayansa.

Juma'a, da yamma

An mayar da kujeru. Tsagin bangon yana nan inda aka bar shi.

Lahadi, da safe

Ƙafar ta ƙara kumbura. Ƙafar tsohon nake nufi. Haka rahoto ya ce.

Laraba, da rana

Muna nazari. Ga wanda bai sani ba, nazari shi ne ka rufe ƙofa, ka kunna sanyi, ka ce wa sakatare kana taro. Can cikin kwamfuta ana tankaɗe mutane kamar gari, masu firiji su tsaya a sama, masu buhu su zube ƙasa. Ba ruwanta da kowa. Ba ta da dangi, ba ta da maƙwabci, ba ta taɓa jin kunyar baƙo ba. Shi ya sa muka amince da ita.

An ce yau Aku ya laɓe bayan teburin mai shayi ya yi muryar mai karɓar haraji, mai shayi ya kusa kifar da tukunya. Kowa ya yi dariya ban da shi Akun. Ya koma wurin facinsa ya zauna yana danna tayar da ba ta da huji cikin ruwa.

Asabar, da hantsi

Sakamako ya fito. Ta waya muka tura, don zamani.

Tun safe wayoyi ke ƙara a layin. Inna ta ɗora tata a kan akwatin ƙarfe, ta goge fuskarta da bakin zani, ta hana kowa taɓawa. In ta yi ƙara sai ta ce a duba. Sau ɗaya tallar waƙa ce, sau ɗaya ƙanwarta ce tana tambaya ko saƙon ya shigo.

Ta bayan katanga aka ji matar Mai Shago ta ce "Alhamdulillahi!" da ƙarfi. Sai aka ji mijin ya ce mata wani abu ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya ce a rage hasken taga, yana damun idonsa.

Lahadi, da safe

Aku ya je shagon.

"Kawu, barka da arziki. Ko barka da talauci ake cewa?"

"Kai Aku, ban son iya shege da sassafe."

"Ka san dai katin nan naka a kan kujerunka aka yi shi."

"Ni na ce a ara? Ubanka ya aiko, na ba shi, har na ƙara masa. Yanzu alherin ne ya zama laifi?"

"Ba laifi. Mu je ofishinsu kawai ka faɗa musu yadda aka yi."

Mai Shago ya auna sukari, ya juye, ya sake aunawa, alhali ba mai saye.

"In ce musu me? In ce na kwashe kayana don in cuci gwamnati? Su rufe ni, kai za ka ci da yaran? Kuma uwarsu hawan jini gare ta, ka sani. Rabo ne, ɗana. Allah zai kawo nasa."

Ya ƙulla sukari da ganyen shayi a leda, ya miƙo, wai a kai wa ɗan'uwansa Kafinta.

Abin da ya fi ba ni ƙyama a rahoton nan ba maganar Mai Shago ba ce. Yaron ne. Ya karɓa.

Laraba, bayan azahar

Aku ya je ofishinmu na yanki. Benci a baranda, mutane jere riƙe da wayoyin da ba su yi ƙara ba. Shugaban masu bincike na wurin wani ne da tabarau a ƙarshen hanci, Aku ya sa masa Mai Tabarau tun kafin ya zauna. Ya saurari labarin yana cin gyaɗa daga cikin aljihun tebur.

"Ba mu muka cire shi ba, samari. Kwamfuta ce."

"To a kira min ita mu gaisa."

"An rufe bayanai. An tace su, an wanke, an tura sama. In muka taɓa gida ɗaya, binciken gaba ɗaya ya lalace."

"In mutum ya lalace fa?"

Ya cire tabarau ya hura musu iska. Ya ce akwai hanya, don mu ba azzalumai ba ne. Akwai kwamitin ƙorafi. Mai gidan zai zo da ƙafarsa, ya tsaya gaban kwamiti da shaidu daga unguwa, ya furta cewa ya nuna wa ma'aikaciyar gwamnati abin da ba nasa ba. Kwamitin kuwa yana zama duk lokacin da aka samu kuɗin zama.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Daga ofishina ne. Mutumin nan ya miƙe zumbur, gyaɗa ta watse, ya ɓalla maɓallin wuya, yana rusuna wa bango. "Ranka ya daɗe. An gama, ranka ya daɗe." Kuma ba ni ba ne ma. Sakatarena ne.

Laraba, bayan magariba

An gaya wa tsohon batun kwamiti.

"In tsaya gaban mutanen da na ƙera wa gadon aurensu, in ce abin zama ba ni da shi, kuma ni maƙaryaci ne?"

"Malam, rai fa," in ji Inna.

"Ran yana da mai shi."

Aku ya ce shi zai je a madadinsa, ya sa gemun auduga, ya yi muryarsa, ba mai ganewa. Har ya fara: "Kai da Daraktan." Daidai take, har da ɗan tarin ƙarshe. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta tashi ta fita tsakar gida.

Alhamis

Tsohon bai ci abinci ba.

Asabar, da rana

Ya ci cokali biyu don Inna ta daina kuka. Na ce Inna? Matar gidan.

Talata, da yamma

Yau na gabatar da sakamakon bincike a babban otal. An kwaso 'yan unguwa a mota don su cika kujerun baya su yi tafi, an ba kowa hula mai tambari. Aku ya shige cikinsu.

Sanyin ɗakin kamar an zauna cikin firiji. Mun cinye safiya muna gardama ko za a kira su matalauta, ko marasa galihu, ko masu rauni. Wani farfesa ya ce kalmar talaka tana zubar wa mutum da mutunci. Aka kafa ƙaramin kwamiti a kai, aka tafi shan shayi. Wata baƙuwa daga masu ba da kuɗin shirin ta ce ba ta taɓa ganin bincike mai tsabta irin wannan ba. Su na kujerun baya ba a tambaye su komai ba, sai dai wani mai lasifika yana ɗaga hannu in lokacin tafi ya yi.

Sannan aka kashe fitilu aka kunna majigi. Layuka masu hawa da sauka, da'ira an yayyanka ta kamar kankana. Sai hoto ya cika bango.

Baba ne.

Babbar riga, hula a gyare, haɓa a sama, fanka a dama, firiji a hagu. An ja baƙin layi a kan idanunsa, wai don sirri. Duk kujerun baya sun gane shi. Wata tsohuwa ta ce, "La, Kafinta!" aka zungure ta.

Na yi gyaran murya sau biyu, na nuna shi da ɗan jan haske. Na ce ku dubi wannan, ka gane ko? A tsohon tsari, irin wannan ne zai zo ya langaɓe kai ya karɓi kati, ya cinye haƙƙin talaka. Ku dubi yadda ya hakimce. Ɗakin ya yi dariya. Farfesa ya ce shi kansa ba shi da kujera mai kyan wannan. Aka ƙara dariya.

Na faɗi haka. Da bakina. Na kora da ruwan roba.

Bayan nan aka ci abinci. Kaji an gutsura an bari, an cusa takardar goge baki cikin romo, wani yana sakace haƙori yana maganar taron wata mai zuwa. Aku ya cika farantinsa taf, ya zauna yana kallo har maiƙo ya daskare a kai. Sai ya tashi ya shiga bayan gidan otal, wanda ya fi ɗakinsu faɗi da ƙamshi, ya amayar da abin da bai ci ba.

Aka mayar da 'yan unguwa gida a mota. Kuma ba wanda ya gaya wa tsohon. 'Yan layin sun haɗa baki ba tare da sun yi shawara ba.

Laraba, da asuba

Tsohon ya faɗi a hanyar bayan gida. Mutumin da ke saɓa ƙyauren katako shi kaɗai, yau hannu ɗaya ya ɗaga shi. Ba nauyi ko kaɗan. Sai ƙafafun.

Alhamis, da rana

Aku bai buɗe wurin faci ba. An gan shi bayan tulin tsofaffin tayoyi yana magana shi kaɗai, yana gyaran murya. Mai shayi yana cewa yaron ya fara taɓuwa.

Sirrin muryata ba a maƙogwaro yake ba. A hanci yake, da kuma rashin jiran amsa.

Juma'a, da hantsi

Yau na kira Mai Tabarau. Ni da kaina. Duk wanda ya ce ba ni ba ne, ya kawo shaida. Lambarsa tana manne a ƙofar ofishinsa. Wayar kuwa ta wani direban tirela ce da ya tsaya faci, mai wucewa, ba ɗan gari ba.

"Wa ke magana?"

Gyaran murya, sau biyu. Na ji kujera ta faɗi a can.

"Ranka ya daɗe! Ban gane lambar ba..."

"Layina na biyu ne, kada ka ajiye shi. Gidan nan da na nuna a majigi, ka gane ko? Baƙuwar nan ta masu ba da kuɗi ta ce sai ta je ta gan shi da idonta. Kuma wani ya raɗa min cewa kayan ɗakin na aro ne. In ta je ta tarar da tabarma, ni za a yi wa dariya ko kai?"

"Ranka ya daɗe, ai an rufe bayanai..."

"Wa ya rufe?"

"Mu ne, ranka ya daɗe."

"To?"

"Za a buɗe, ranka ya daɗe."

"Ka je da kanka. Kada ka sanar da su. In gaskiya ne ka gyara. Ba na son dogon bayani."

Na kashe. Direban ya saki baki. "Kai, yaro, aljani ne ya hau ka?" Aka yi masa faci kyauta. Mai facin ma har ya sake huda tayar da ya liƙe.

Binciken da ba a taɓawa, wanda in an taɓa gida ɗaya ya lalace, ashe tari biyu ne makullinsa.

"Kada ka sanar da su." A nan na fi daɗewa kafin in faɗa. In aka sanar, tsohon zai sake aikawa gidan Mai Shago.

Litinin, da sassafe

Sun zo, Mai Tabarau da Mai Allo. Aku ya buɗe musu ƙofa, bai shiga ya ce ga baƙi ba.

Baba yana kan tabarma da singileti, an rufa masa zani a ƙafa. Bokitin da yake bayan gida a ciki yana gefe, ba a kai ga zubarwa ba. Inna tana goge masa baki, ba ko ɗankwali a kanta. Mai Tabarau ya sa hankici a hanci.

Tsohon ya yunƙura zai tashi, bai iya ba. Ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Ku zauna," ya ce.

Ba wanda ya motsa.

Mai Allo tana dangwalawa, idonta bai bar allon ba. Babu, babu, babu. Mai Tabarau ya ce sai an ɗau hoto don shaida. Ya ce a matso da bokitin ya fito a ciki. Aka matso. Ya ce a ɗaga zanin a ga ƙafafun.

"Oga, ai babu tambayar ciwo," in ji Mai Allo, a hankali.

"Wannan na Darakta ne."

Inna ta dubi ɗanta. Ɗan ya durƙusa ya ɗaga zanin.

Baba ya ɗora hannu a kan idanunsa. Haske ya walƙa, ya sake walƙawa. Suna juyawa za su fita, ya ce daga ƙarƙashin hannun, "A kawo wa baƙi ruwa."

Bayan sun tafi ya tambaya wa ya bar su suka shigo ba sallama.

"Gwamnati ce, Baba."

Ya juya fuskarsa bango, wajen tsagin.

Talata

Bai yi magana ba.

Laraba

Bai yi magana ba. Inna ma sai in dole. Ta miƙo abinci ba ta dubi wanda ta miƙa wa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Mai Tabarau ya shigo ofishina, ya rusuna, ya ce an cika umarni, an gyara gidan Kafinta. Ban tuna na ba da wani umarni ba. Amma Darakta ba ya cewa bai tuna ba. Na gyaɗa kai na ce madalla, haka nake son aiki. Na ce a sa a rahoto, shaida ce cewa tsarinmu yana gyara kansa da kansa. Za a nuna a majigi a taro mai zuwa. Da sabon hoton.

Mai Allo ce ta kai wa Aku wannan labari. Ta tsaya wurin facinsa, ba ta da mota, ba ta da keke. Ta faɗa, ta tsaya tana kallonsa.

"An ce kana iya muryoyi."

"Sharrin mutane ne, Malama."

"To. Ka gaida Baba." Ta yi taku biyu ta waiwayo. "Lemon nan da ya ba ni, shi kaɗai na sha ran nan."

Asabar, da hantsi

Wayar Inna ta yi ƙara. Ta riƙe ta da hannu biyu kamar kwanon da ya cika. Aka karanta mata, ta ce a sake, aka sake.

Mai Shago ya aiko a yi barka. Ya ce in ana buƙatar kujera don masu zuwa dubiya, kada a ji nauyi.

Litinin, bayan la'asar

Babban asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta juya katin gaba da baya, ta ce a bi ta. Gado na ƙarfe kusa da taga, zanin gado fari. Likita ya duba ƙafafun, ya yi tsaki, ya ce me ya sa aka jira har haka. Ya ce duk da haka za a gwada, gobe da safe.

A nan Baba ya buɗe baki, karo na farko tun ran nan. Ba da ɗansa ba, da mutumin gadon kusa. Ashe ya ji abin da Mai Tabarau ya faɗa a kansa, ya kuma yi ta juya shi a bango kwanakin nan.

"Daraktan da kansa ya sa a dawo," ya ce. "Mutum yana can sama, bai san ni ba, ban san shi ba, ya tuna da ni. Yaransa ne ba su da tarbiyya, suka faɗo min ɗaki haka. Amma shi, ɗan halal ne. Har yanzu akwai na kirki a cikinsu."

Ya ɗaga hannuwa, allurar ruwa tana lilo. Allah Ya ƙara masa girma. Allah Ya jiƙan iyayensa. Allah Ya shirya masa zuriya. Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira. Inna tana amin, mutumin gadon kusa yana amin.

Sai ya juyo da kai.

"Kai ba za ka ce amin ba?"

"Amin."

"Da ƙarfi, ɗan banza. Bakin nan da ba ya shiru."

Na ce amin da ƙarfi, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

To, Darakta, ga rigarka nan, na tuɓe, wari take. Ba kai ka rubuta littafin nan ba. Ba ka san layinmu ba, ko an ɗora ka a ka an kai ka ba za ka gane ƙofar ba. Ni ne Aku mai faci, ɗan Kafinta. Ni na saci littafin, ni na ari wayar, ni na buɗe ƙofar, ni na ɗaga zanin. Gobe da safe za a fara wa Babana magani. Addu'ar ka riƙe, na bar maka. Ni katin na zo nema.